Rahila, Ni ce Na Juya Buhunan

Zuwa ga Malama Rahila Ishaya ta Tsibiri, a duk inda wannan takarda ta same ta.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara da jikoki. Ina gaishe ki da jiki, don an faɗa mini idanunki sun yi rauni, ɗiyarki Maryamu ce ke karanta miki abin da ya shigo waya. Ki ce mata ta yi haƙuri ta karanta wannan har ƙarshe, kada ta tsallake ko layi ɗaya don ta rage miki zafi.

Ni ce Hajo. Hajara da kuka buɗe jardan, makarantar ƙananan yara, tare a gindin itacen bedi, nan Maraɗi, yau shekara talatin da wani abu. Na san ba ki manta ni ba. Da kin manta, da abin ya zo mini da sauƙi.

Na sa wasiƙar nan a fili, inda duk masu bibiyata za su gani, ba don ina son 'yan kallo ba. A gaban mutane aka ɓata miki suna ina zaune, saboda haka a gaban mutane ya kamata in gyara. Buhunan da suka kusa kashe yara biyar a wancan kaka, ni na kawo su, ni na juya su, ni na ɗinke su. Ke aka kora. Abin da zan faɗa ke nan, sauran duk bayani ne, domin waɗanda ba su kasance a wurin ba.

Kin tuna shekarun. Makarantu sun fi zama a rufe fiye da a buɗe. Yau malamai na yajin aiki, gobe ɗalibai sun tare titin gudiron, jibi a ce kowa ya zauna gida. Rediyo ba ta da zance sai taro da zaɓe. Fartocin siyasa sun yi yawa har mai sai da goro yana da nasa, kowace ƙofa da tutarta, 'yan uwa ciki ɗaya su daina cin tuwo a kwano ɗaya saboda launin ƙyalle. Manya suna can suna gardama, ƙanana suna yawo a unguwa babu mai kallonsu.

Ke kika fara kawo maganar. Kin zo gidanmu da jakarki ta saƙa, kika zauna kan turmi tun ban ba ki kujera ba, kika ce: "Hajo, yara ba su jiran gwamnati kahin su girma." Na yi dariya na ce to ke ce gwamnatin yanzu? Bayan sati biyu ga mu a gindin bedin nan na filin bayan unguwa, da tabarmi huɗu, da randa ɗaya, da allo da kafinta ya yi mana da guntun ƙofa. Yara ashirin da shida. Suna kiranmu tanti, mu kuma muna hura hanci kamar an naɗa mu wani abu.

Ba mu da ɗaki. Kowa ya san yadda ake yi: aji na kara sai an yanke hatsi, an fitar da damma, sannan iyaye su kawo kara da zana a kafa rumfa. Kafin nan, watan farko na rantire, wato komawa makaranta, a waje ake zama. Ni ina ƙorafi kullum, rana ta dame ni, ƙuda sun dame ni. Ke kuwa daɗi kike ji. Kina cewa duk abin da za a koya wa ɗan shekara huɗu yana nan a waje, lokacin kaka.

Kuma gaskiyarki ce, ko da yake ban taɓa faɗa miki ba. Da gyaɗa suka koyi ƙirga, su jera goma su cinye uku mu sake daga farko. Da ɓargon kara kike yi musu mota da tabarau. Bayan ruwa mu debo yumɓu su gina shanu da tukwane, mu shanya a rana, awakin unguwa su zo su tattake. Ranar da wata uwa ta aiko mana da zangarniyar sabon hatsi, kika hura wuta kika gasa musu tumu, kowa baki ya yi baƙi. Kin koya musu wace fara ake kamawa, wace ce ake bari. Ni aikina tsawa da share majina, kuma na iya.

Kowace safiya daga Tsibiri kike tasowa. Wata rana mota, wata rana ki yi rabin hanya a ƙasa, amma ban taɓa riga ki zuwa ba, ni da gidana ke bayan filin. Ran Juma'a ke ke riƙe yara in tafi in yi shiri, ran Litinin in tambaye ki abin da aka yi wa'azi a majami'arku don in tsokane ki, ki ce an yi wa'azi a kan mata masu makara.

Damuwarmu ɗaya ce, ruwan ƙarshen damina. A shekarar ya ƙi ɗaukewa. Manoma na kuka yana jiƙa musu damma, mu kuma hadari na tasowa sai yara su watse, su isa gida sharkaf, washegari rabi na tari. Iyaye mata suka fara magana. Kika ce a nemo leda a yanka musu. Na ce a'a, leda yagewa take, kuma yaro zai rufe fuska da ita. Na ce ni jikar manoma ce, na san abin da ake sawa in ana ruwa, kawuna na Jiratawa yana da buhuna jibge. Har da buga ƙirji na yi, Rahila. Ina son a ce wani abu ɗaya a makarantar nan dabarata ce.

Ga waɗanda suka tashi a birni ba su taɓa gani ba: manomi in ruwa ya kama shi a gona, buhun taki yake ɗauka, ya tura kusurwa ɗaya ta gindin cikin ɗayar. Sai ya zama hula mai tsini da mayafi har gadon baya. In an yi haka, bayan buhun ne ke shan ruwa, bayansa ne kuma ke taɓa jiki. Cikinsa yana manne da juna, ba ya taɓa kowa. Shi ya sa manomi bai damu da abin da buhu ya taɓa ɗauka ba. Wannan ni ban taɓa tsayawa na yi tunaninsa ba.

Ran Asabar na tafi Jiratawa. Kawu Idi yana can bakin kanal yana ban ruwa, matarsa ce ta buɗe mini ɗakin ajiya ta ce in zaɓa. Na kwashi manyan buhunan taki, ba su kai ba, sai na ƙara da wasu ƙanana guda biyar da ke can ƙasa. Su waɗannan suna da wari mai hawa kai. A jikinsu akwai hoton ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu. Na gani. Ba zan ce ban gani ba. Na san hodar kashe ƙwarin auduga ce, na ce a raina in na je gida zan wanke su da sabulu.

Da na dawo, famfo babu ruwa, kwana na uku ke nan. 'Yan garuwa sun yi wuyar gani, ɗan abin da ke randa na girki ne. Na kakkaɓe buhunan a jikin bango, farar ƙura ta tashi, na yi atishawa, na ce ai sun fita.

Sai na lura da rubutun jikinsu. Kore ne shar, manya da ƙananan duka. Kin san abin da kore yake nufi a lokacin, launin farti ɗaya ne, rabin iyayen yaranmu kuwa na ɗaya ɓangaren ne. Sati ɗaya kafin nan wani uba ya zo yana kumfar baki saboda murfin randarmu koren kwano ne, wai muna cusa wa ɗansa siyasa. Ke ma ranar da kika ɗaura kallabi ruwan hoda sai da aka aiko a tambaya ko kin shiga wani wuri ne. Na hango yara ashirin da shida suna ratsa unguwa da kore a gadon baya, na ce wallahi ba da ni ba.

Na juya su duka, ciki ya koma waje. Na naɗa hular, na kama tsinin kowanne da zare da allura don kada ya warware. Rubutu ya ɓace, ƙoƙon kai ya ɓace, suka fito fari tas. Na zauna ina kallonsu ina yaba wa kaina wayo. Cikin buhun da ya sha hoda, shi na mayar wajen da zai kwanta a fatar yaro.

Ran Litinin da na kawo su kika ɗaga ɗaya kika jujjuya, kika ce: "Ke dai Hajo ba ki da dama." Kin shinshina kin ce akwai ɗan wari, na ce na ɗakin ajiya ne. Ba ki ƙara tambaya ba, saboda ni ce.

Ran Laraba muka kai su kalar gyaɗa gonar Iya Gambo, tsohuwar nan da ke bayan filin, wadda ta ce in an gama cira yara su zo su tsinci abin da ya rage a ƙasa. Kowa da gwangwaninsa. Rana ta yi zafi irin na kafin ruwa, yara duk sun yi gumi, yawancinsu sun tuɓe riguna. Wajen ƙarfe sha ɗaya gabas ta haɗe. Kika kwance ƙullin buhunan kika fara sa musu ɗaya bayan ɗaya, ni ina tattara gwangwanaye. Ƙananan buhunan nan biyar kika ware wa waɗanda suka fi ƙanƙanta, don su ne daidai su. Mafi ƙanƙanta Balki ce, ɗiyar Alhaji Mamman mai atamfa, shekararta uku da rabi, daga ita sai ɗan kamfai.

Ruwa ya sauko, suka jero a hanya fari fat kamar balbelu, suna waƙa suna taka taɓo da gangan. Mata suna leƙowa ta katanga suna dariya. Ban taɓa jin daɗin aikin nan kamar a wannan tafiyar ba, kuma ba ta kai rabin awa ba.

Muna isa gindin bedi Balki ta zauna a ƙasa. Yawu yana zuba daga bakinta kamar an buɗe famfo. Na ɗauka gyaɗa ɗanya ta ci da yawa. Sai na biyu ya fara amai, sai ta uku ta ce ba ta gani sosai. Balki ta fara karkarwa, idonta ya ƙanƙance. Ni na tsaya da gwangwanaye a hannu. Ke kika sunkuce ta da buhun da komai, kika goya ta da kallabinki, kika yi ihu a kawo sauran, kika zura da gudu cikin ruwa har bakin gudiron inda kika tare ɗan kabu-kabu.

Maƙwabta suka bi ki da yara huɗun. An ce majo, babban ma'aikacin disfansar, yana jin warin ya ce a tuɓe su a wanke su da sabulu, ya yi musu allura, Balki kuma aka wuce da ita babban asibiti. An ce ya tambaya wa ya sa wa yara wannan abu, kika ce ke ce.

Kin san inda nake a lokacin? Na sallami sauran yaran, na tattara buhunan, na kai su tsohon ramin da ake ɗibar ƙasa na danna su cikin laka da ƙafata. Tun ba a ce komai ba na riga na gane. Jikina ya san abin da na yi kafin kowa ya sani, kuma abin da ya fara zuwa mini shi ne in ɓoye.

Kwana biyu bayan nan mai unguwa ya tara iyaye bayan la'asar, a kan tabarminmu. Balki tana kwance ana ƙara mata ruwa, ba a san ko za ta tashi ba. Alhaji Mamman ya kasa zama. Maigidana yana cikin komitin iyaye, yana gefen mai unguwa. Tun ba a fara ba magana ta riga ta zagaya. Wani ya ce buhunan daga gonar 'yan mishan na Tsibiri suka fito. Wani ya ce ɗan baffanki yana takara a fartin da ba na Alhaji ba. Wata mata daga baya ta ce ai dama ita ta faɗa, ba a ba kirista amanar ɗa.

Mai unguwa ya ɗaga hannu aka yi shiru, ya tambaya a ina aka samo buhunan. Kika juyo kika dube ni. Kallon bai daɗe ba, amma ya isa mutum ya buɗe baki sau goma. Ni lallen ƙafata nake kallo. Sai na ji muryarki, ba rawa a cikinta: "Ni na sa musu da hannuna." Ba ki ƙara ba, ba ki rage ba. Ba ki yi ƙarya ba. Su kuma suka ji abin da suka zo ji.

Alhaji Mamman ya tako har gabanki ya tofa yawu a kan takalminki. Kika ɗauki jakarki, kika ɗauki ɗan kwalin allinki, kika bi hanyar tasha. Ba wanda ya raka ki.

Na yi shekaru ina jera wa kaina dalilai. Ina da ciki wata bakwai. Ina tsoron maigida, mutum ne da ba ya ɗaukar kunya. Ina tsoron jandarmomi su je Jiratawa su kama Kawu Idi da bai san hawa ba bai san sauka ba. Duk gaskiya ne. Amma akwai wanda ya fi su, shi ne ban taɓa faɗa ko a sujada ba. Na ga sun fi saurin yarda da mugun abu a kanki fiye da a kaina, don ke baƙuwa ce, don Lahadi kike ibada. Na ga hanyar a buɗe, na bar su suka bi. Ina jin kunyar wannan fiye da kunyar buhunan. Buhunan wauta ce, wannan kuwa da hankalina na yi.

Balki ta tashi bayan kwana tara. Sauran tun kwana biyu suka warke. Da aka gama yankan hatsi iyaye suka kawo kara da zana suka kafa rumfa mai kyau, wadda kika yi ta mafarki, suka ce Tanti Hajo ta riƙe makarantar, ita ce tamu. Na riƙe. Daga rumfa aka yi ɗakin laka, daga laka aka yi siminti, aka ƙaro malamai, na zama darakta. Motar kara, da shanun yumɓu, da ƙirga da gyaɗa, duk na ci gaba da su, baƙi na zuwa suna yaba basirata ina cewa ikon Allah ne. Kowace rantire nakan gargaɗi sababbin malamai kada su kuskura su sa wa yaro buhu. Sukan gyaɗa kai su ce sun ji labarin matar nan. Ni kuma in canza zance.

Na yi ritaya shekara uku da suka wuce. An yi mini walima, an ba ni atamfa.

Abin da ya taso ni yanzu ƙaramin abu ne. Watan jiya na je ɗauko jikata a wata jardan, can wata unguwa. Hadari ya haɗo, yaran duk da rigunan ruwa na roba, ja da shuɗi da rawaya, babu mai tambayar launin wane ne. Na fake a baranda tare da malamarsu, yarinya ce da ba a haife ta ba lokacin da abin ya faru. Muna hira sai ta ce ai a da can, wata mata daga Tsibiri ta taɓa zuba guba a kayan yara da gangan, uku suka mutu. Haka ta faɗa, hankali kwance, tana gyara wa wani yaro maɓalli. Labarin ya girma, Rahila. Na bar shi yana ƙarami, ya yi ta cin abinci a bakin mutane, yanzu har da gawa uku.

Ban ce mata komai ba. Ko a nan ma ban ce ba. Na kama hannun jikata muka shiga ruwa.

Washegari na hau mota zuwa Tsibiri. Tafiyar da ba ta kai a sha shayi a gama ba, ita ce ta ɗauke ni shekara talatin. Na tambayi gidan Baba Ishaya, aka ce ya daɗe da rasuwa, amma babbar ɗiyarsa tana nan. Yaya Saratu tana tsakar gida tana sussukar hatsi. Tana ɗaga kai ta gane ni. Ta ba ni ruwa, don ba a hana baƙo ruwa a gidanku, amma ba ta shimfiɗa mini tabarma ba, kuma ba ta ajiye taɓarya ba.

Na fara kame-kame, ta tsayar da ni. Ta ce ba sai na wahalar da bakina ba, duk gidan sun sani. Ta ce buhun da ke jikin Balki kin taho da shi daga disfansar. Tun ranar, kafin taron, kin warware zaren tsinin kin mayar da shi daidai, kin ga ƙoƙon kan, kin ga koren rubutu, kin gane ɗinkina. Ashe lokacin da kika dube ni a gaban mai unguwa, kin san komai. Dama kike ba ni in faɗa da bakina.

Ta ce Baba ya so ya ɗauki buhun ya kawo Maraɗi ya baje a gaban mutane, kika hana. Kika ce: "Ku bar ta, tana da ciki, ta tsorata ne. Za ta zo." Ta ce duk kakar nan, kowace ranar kasuwa kikan share ƙofar gida, ki ajiye fura a kwano, ki ce yau motocin Maraɗi suna da yawa. Har aka gama sussuka, har aka shiga rani. Ta ce ranar da kika ji an kafa rumfa an ba ni makarantar, ranar kika ƙone buhun, kuma ba ki sake ambatar sunana ba.

Ta ce ba ki sake koyarwa ba. Kin nema a wurare biyu, labarin ya riga ki isa. Ko a majami'a da aka ce ki riƙe ajin yara ran Lahadi kin ƙi, kin ce hannunki ba ya taɓa ɗan kowa. Kika koyi ɗinki, kika yi aure, kuka yi nisa can wajen Gaya. Rahila, ke da aka halitta don aikin nan. Ni da ban iya komai ba sai tsawa na ci shekara talatin a kujerarki.

Na roƙi lambarki, Yaya Saratu ta ce ba ta da izini. Ta ce in ina da magana in fara da inda na ɓata. Ta koma sussukarta.

Na fara. Alhaji Mamman ya tsufa ƙwarai, ya bar kasuwa, yana zaure kan buzu da carbi. Na durƙusa na faɗa masa tun daga Jiratawa har ramin laka. Sai ya ce: "Ke kin sauke naki. Ni da na tohwa mata yawu gaban jama'a, ina za ni kai nawa?" Ya juya fuska bango, na tashi na fita. Ya ce in gaya miki yana neman gafara, ya maimaita sau biyu har ina bakin ƙofa.

Na je wurin maigidana na faɗa masa. Kwana uku bai ci abincina ba. Wannan tsakanina da shi ne, ba zan ɗora miki ba.

Balki ce ta ƙarshe, kuma ita na fi tsoro. Tana nan lafiya, babbar mace, 'ya'yanta huɗu, tana sai da kayan miya a ƙofar gida. Tun tana budurwa salla ba ta wucewa ba ta zo gaishe ni ba. Ɗiyarta ta fari Hajara sunanta. Ni na ɗauka don na koyar da ita ne, na karɓi takwara da guɗa, na kai turmin zane. Da na gama faɗa mata, ta ce ita ba ta tuna buhu ba, ba ta tuna asibiti ba. Abu ɗaya take tunawa, bayan wata mata mai ɗumi, ana gudu da ita cikin ruwa, matar tana ta kiran sunanta kada ta yi barci. Ta ce: "Tanti, ni duk rayuwata na ɗauka bayanki ne."

Na ce mata ba nawa ba ne. Na ce ni ina tsaye da gwangwanaye a hannu. Na faɗa mata sunanki cikakke, ta maimaita shi a hankali. Sannan ta kira yarinyar daga cikin gida, ta buɗe baki za ta ce Hajara, sai ta ce "ke, zo nan."

Kin ji inda muke, 'yar uwata, in har kin yarda in kira ki haka. Ban zo in ce ki yafe mini ta waya ba, ba abin da ake yi ta waya ba ne. Ban san ma ko ina da bakin roƙo ba. Abin da nake nema ƙarami ne: ki ce da Yaya Saratu ta faɗa mini garin da ƙofar gidan. Balki ta ce ƙafarta ƙafata, da yarinyar za mu zo. Tana so ki ɗora mata hannu a kai, kuma tana so ki zaɓa mata sunan da za a riƙa kiranta da shi. In kin ce su shigo ni in tsaya a waje, zan tsaya. In kin ce kada in zo, zan sa su a mota in koma gida, kuma ba zan ce kin yi mini rashin adalci ba.

Duk wanda ya karanta wannan, kuma ya taɓa jin labarin matar Tsibiri, yanzu ya ji yadda aka yi. Ba wanda ya mutu, don kin yi gudu.

Allah da muke kira, ke da bakinki ni da nawa, Ya ƙara miki lafiya, Ya buɗe idanunki, Ya sanyaya miki abin da na ƙona. Ya ji ƙan Baba Ishaya da ya tafi da wannan baƙin ciki a ransa. Ya raya miki Maryamu da 'yan uwanta. Ya tsare yaran mutane da ke zaune a gindin itatuwa a wannan kaka suna jiran a kawo kara. Ni kuma Ya ba ni kwana in iso ƙofarki da ƙafata. Amin.

Ki huta lafiya.

Wadda kika jira ba ta zo ba,
Hajo, daga Maraɗi.